Aron Busasshen Ganye

Tun da aka kafa dokar, kowane gida a birnin da bishiyarsa a ƙofa. Gidan da tasa ta mutu, mutanensa su tattara su koma bayan gari, inda babu inuwa.

Da hantsi Gwaggo Tasalla ta fito da bokitin ruwan alwala da na wanke-wanke, ta juye a gindin dalbejiyarta, ƙugunta duk ya riƙe. Ta ɗauki tsintsiya ke nan sai maƙwabciyarta Kuluwa ta tsallako, ta gaishe ta, ta tsaya tana murza bakin mayafi.

"Gwaggo, don Allah kada ki zubar da sharar nan. Ki ba ni."

Tasalla ta dubi dalbejiyar gidan su Kuluwa. Kore shar, ta fi kowace kyau a layin. Sai yanzu ta lura rabonta da ganin tsuntsu a kanta tun damina, gindinta kuma fes, ko ganye ɗaya babu.

"Yaushe ta mutu?"

"Tun rashin lafiyar Malam. Ruwan bai ishe su su biyu ba." Kuluwa ta sunkuyar da kai. "Ganyen roba muka ɗaura. Gobe 'yan duba-gari za su zo, kuma ƙasa suke fara kallo."

Tasalla ta share, ta tara a faifai, ta miƙa mata.

"Watsawa za ki yi, kada ki jibge wuri ɗaya. Ki gaida mai jiki."

Sai da Kuluwa ta shige gida sannan Tasalla ta ɗaga kai ta dubi tata dalbejiyar. Sharar safiya ɗaya ba ta taɓa cika faifai haka ba.