Mutum Ɗaya, Tikiti Biyu

Tun a bakin ƙofar gandun daji Mzwakhe Gumede ya sa wa saurayin ido. Jama'a na zuwa yawon kwarin kogi da jaka da gorar ruwa da na'urar hoto. Shi kuwa wannan, daga farar riga sai wuƙa a ƙugu.

"Tikiti biyu, sisi," in ji saurayin, wato 'yar'uwa a bakin Zulu.

Yarinyar da ke sayar da tikiti ta leƙa bayansa. "Bhuti, ɗan'uwa, kai kaɗai nake gani. Ko budurwar ce ta gudu tun ba a fara hawa ba?"

"Na biyun na fitowa ne."

Ta bar dariya, ta miƙa masa. Mzwakhe ya ji kamar ya mare ta. Sabbin ma'aikatan nan! Ba gaisuwa, ba tambaya, an canza musu launin kaki an bar su da kai fanko. Ai ko jaki ya san akwai na biyu laɓe a daji. Kuma a ƙasan mashigin kogi karkanda take kiwo da jaririnta. In aka sare mata ƙaho, a hannunsa aka sare, don shi ne mai gadin wannan hanya.

Ya danna rediyonsa. Shiru. Tun ranar ambaliya take wannan iskancin, kuma ba wanda ya damu ya canza masa. Ya bi saurayin shi kaɗai, takalmansa na tsiyayar ruwa kamar kullum.

Yaron bai kalli dutsen da kowa ke ɗaukar hoto ba. Bai tsaya wa barewar da ke tsakiyar hanya ba, har ta zabura ta kauce masa, ta dawo ta ci gaba da cin ciyawarta dab da Mzwakhe. A gindin wata magaryar kura ya tsaya, ya zaro wuƙa, ya yanki reshe.

"Kai! Wa ya ba ka izini?"

Ko waiwaye bai yi ba.

To, wayon ke nan. Duk Bazulu ya san da wannan reshen ake zuwa ɗaukar ran wanda ya mutu nesa da gida, a biya masa kuɗin mota, a kai shi cikin danginsa. Ba mai gadin da zai tare mai irin wannan tafiya. Sai dai ɓarawon ya yi kuskuren hanya: ba wanda ya taɓa mutuwa a nan. Ai da Mzwakhe ne zai fara sani.

Ransa ya ɓaci ƙwarai. A yi wasa da matattu saboda ƙaho! Shi da ke da jariri a gida, Lindani, in ya girma ya yi haka, wallahi sai ya karya masa ƙafa. Kewar jaririn ta kama shi. Hutun nan dai ya ƙi zuwa.

Saurayin ya bar hanya ya gangara mashigin kogi, daidai inda Mzwakhe ya yi tsammani. Ba karkanda, ba ko sawunta. Mzwakhe ya duba ciyayi, ya duba tsallake, yana jiran na biyun ya ɓullo. Ba kowa sai ƙarar ruwa.

Ya sha gabansa. "Ina abokin naka? Yi magana!"

Yaron ya cire takalmi, ya durƙusa a kan yashi, ya shimfiɗa reshen a bakin ruwa. Da ya ɗago, hawaye ne shaɓe-shaɓe a fuskarsa, ga wasu fala-falan kunnuwa irin na gidan Gumede.

"Baba Mzwakhe," ya ce, "ni ne Lindani, wanda ka bari a goye ranar da kogin nan ya tafi da kai. Mama ta yi furfura tana jira. Na saya maka tikiti, taso mu tafi gida."