Ranar Da Kuluwa Ta Ɗaga Yayanta

Tun da aka kafa sabuwar doka, duk abin da mutum ya ɗaga daga ƙasa ya miƙe tsaye da shi ya zama nasa. Shi ya sa uwa ba ta barin baƙo ya ɗaukar mata jariri.

Da dokar nan Yaya Bawa ya ɗauke keken ɗinkin marigayiya Inna, ya bar ƙanwarsa Kuluwa da zare. Tun ranar take zuwa bayan gareji, tana tsugunno da ƙarfen tirela a kafaɗa, har tafin hannunta ya yi kanta.

Yau ta same shi a ƙofar shagonsa.

"Ke tsinken tsire, keken kika zo ɗauka? Na kafe shi da siminti."

"Na gani, Yaya."

Ta ware ƙafafu, ta tsuguna, ta rungumo cinyoyinsa, ta ja numfashi ta miƙe. Takalmansa suka bar ƙasa.

Mai unguwa, da ke zaune a gefen shagon, ya ce, "Mun shaida."

"Kuluwa, don girman Allah sauke ni!"

"Zan sauke ka. Nemo guduma, Bawa, simintin nan za ka fara fasa min."