Gwajin Iyo

"Don Allah, Mista Halvorson, ka saka sunan ɗana!" Marlene ta riƙe ƙofar motarsa gam.

Shugaban 'yan sikawut na yara ɗin ya girgiza kai. "Kwana biyar za mu yi a daji cikin kwalekwale. Wade ya faɗi gwajin iyo."

"Yaron da ke iyo kamar kifi? A sake gwada shi mana!"

Ta yi ta magiya har ya amince.

Da gudu ta kai wa Wade albishir. Yaro ɗan shekara goma, amma ko murmushi bai yi ba. Ya dubi kumburin da ke ƙarƙashin idonta.

"Da gangan na faɗi, Mama. In na tafi, wa zai shiga tsakaninki da Baba?"