Wadda Fanna Take Rubuta Wa

Fanna ta ɗora hoton a shafinta, sannan ta shiga rubuta bayaninsa: “Mahaifiyata ce zaune a tsakar gidanmu na Gamboru, tana haɗa turaren wuta. Lafayarta koriya ce. In ta yi dariya, idonta na hagu ya fi ƙanƙancewa.”

Haka take yi wa kowane hoto tun bayan Sallah, don wayar makaho ta karanta masa abin da ke ciki. Da farko ƙawaye suna tsokanarta, wai ai su suna da ido. Daga baya suka daina tankawa. Sai hoto ya wuni babu wanda ya leƙa, ita kuwa tana ɗaki ita kaɗai tana gyara kalmomi.

Ran nan ƙaninta Abdulnasir ya shigo ya tarar ta manna fuska a jikin waya.

“Ya Fanna, wahalar da kanki kawai kike yi. Duk masu bin shafinki na san su, babu makaho ko ɗaya. Wa kike rubuta wa?”

“Akwai wata. Ba ta fara saurare ba tukuna.”

“Wace ce?”

Ta ɗago kai, ta ɗan jima tana laluben fuskarsa.

“Likita ya ce kafin damina zan daina gani gaba ɗaya. Ban faɗa wa kowa ba. Matso bakin taga inda haske yake, kai kaɗai ne ban rubuta ba.”