Kujerar Ƙarƙashin Rufi

Buhun yashi na farko ya hau kan rufin, Alhaji Mahamman na zaune a ƙarƙashinsa yana yi wa masu ɗaukar hoto murmushi.

Ɗaliban gine-gine na wata jami'a a Garuwa ne suka kafa samfurin ajin makaranta na katako zalla, yau kuma ranar gwaji. Suna da wata al'ada tasu: wanda ya zana gini shi ke zama a ƙarƙashinsa har a gama lafta masa kaya. Sadiƙa ce ta zana wannan. Amma da lokaci ya yi sai ta rusuna gaban baƙi.

"Baba Alhaji, a shagonka muka sayi katako, girman naka ne."

Aka yi tafi. Wakilin magajin gari, wanda ke shirin ba shi kwangilar sababbin azuzuwa, ya kama hannunsa ya zaunar da shi. Ina hanyar ƙi?

Alhaji bai gane ta ba. Ina zai tuna yarinyar da ta tsaya a farfajiyar wata makaranta a Bogo, ranar da hadari ya taso rufin aji ya rufto kan wanta Muhaimin ya yi ajalinsa? Manya suka ce ƙaddara ce, ita ma ba ta musa ba. Sai dai ta sa yatsa cikin karyayyen katakon, ya nutse kamar cikin gari. Ƙwari sun cinye cikinsa, an toshe ramukan da dusar katako da gam, an shafe da fenti. Mahaifiyarsu ta rasu tana cewa a bar wa Allah. Sadiƙa kuwa ta bar masa, amma ba ta manta sunan mai shagon da ya sayar da katakon ba.

Shi ya sa da aka ba ta aikin sayo kaya ta wuce duk 'yan katakon kasuwa ta je wurinsa. Ya dube ta, ya ga ɗaliba mai lulluɓi da sanyin murya, ya sa aka ɗebo mata na can ciki. Ita ta raka amalanke har bayan ɗakin aiki. Ita kaɗai ta shafe kowane katako da baƙin mai kafin a soma kafi, har ƙawarta Aurélie tana tsokanarta wai ko tuwo ta taɓa sai ya yi ɗaci.

Buhuna suka yi ta hawa. Serge, ƙaton ajinsu, yana sama yana jera su, Sadiƙa tana miƙa masa.

Rufin ya yi ƙara, ƙyas. Murmushin Alhaji ya ɗauke. Ya ɗaga kai ya dubi baƙin katakon, ya share goshi da hannun riga.

"'Yata, ai ya isa haka, ko?"

"Haba Baba, ko rabi ba mu yi ba. Ai kai ka ce mini giwa ma ta hau."

Mutane suka yi dariya. Ta matso daf da kunnensa kamar mai gyara masa kujera.

"Muhaimin ma a tsakiyar aji yake zama. A Bogo."

Ta ga sunan garin ya shige shi. Ta juya ta ɗauki wani buhun, zuciyarta a sanyaye kamar ruwan randa.

Ƙara ta biyu ta fi ta farko. Alhaji ya zabura, hula ta faɗi, ya yi waje da rarrafe yana ihu.

"Ku sauko da yaron nan! Zai rufto! Ruɓaɓɓe ne, wallahi cikinsa gari ne, ni na sa aka toshe shi!"

Wayoyi na ta ɗauka. Wakilin magajin gari ya janye gefen rigarsa daga hannun Alhaji, ya koma baya.

Sadiƙa ta ɗaga kujerar da ta kife, ta yi bisimilla ta zauna.

"Serge, ci gaba."

Aka ɗora sauran buhunan har na ƙarshe. Rufin ya yi ƙara irin ta sabon gini mai neman zama, ya tsaya cak, don busasshiyar darbejiya ce da Sadiƙa ta tanada tun bara. Katakon Alhaji kuwa yana nan jibge bayan ɗakin aiki, ko ƙusa ɗaya ba ta taɓa shi ba.