Maganin Kunnen Bakanike

Bakaniken ya buga kwalbar maganin a kan teburin likita.

"Ruwan banza kuka ba ni! Tun da mura ta toshe min kunne nake fesa shi safe da yamma, har yau ji nake kamar an tsoma kaina cikin randa!"

Da kunne yake neman abinci, don ƙarar inji yake saurara ya gane ciwon mota. Jiya ya sallami wata mota, ta mutu wa mai ita a tsakiyar titi, mutumin ya dawo gareji ya zage shi tas.

Matarsa ta ja hannun rigarsa. "Maigida, yi haƙuri..."

"Ke, rufe min baki!"

Likita ya haska kunnen, ya tarar da magani kwance a ciki. Ya matso ya ɗaga murya: "Malam, hanyar da ta toshe ta bayan hanci take. A hanci ake fesa wannan!"

Bakaniken ya harari matarsa. "Ke da kika karɓo, me ya hana ki faɗa min?"

"Na faɗa maka, har da hannu na nuna," ta ce. "Ka ce kunnenka ke ciwo, kada in raina maka hankali."