Ruwan Famfon Shugaba

"Wallahi ba zan faɗa ba!" in ji Inna, ta dire bokiti.

"Haba Inna, fatar baki ce kawai. Randa fa ta ƙafe."

Famfon unguwarmu ba ya zubo ruwa sai ka maimaita masa ra'ayin Shugaba na ranar. Jiya mun ce tsadar gero alamar arziki ce, muka ɗiba. Na yau kuwa, wai mutanen tsallaken iyaka duk ɓarayi ne. Can aka haifi Inna.

Na matsa na faɗa.

"Madalla da ɗan ƙasa nagari, ga ruwa," in ji famfon. Na tofar da yawu.

A gida ta daɗe tana kallon bokitin, azahar tana wucewa.

"Ɗanlami, da wannan ruwan zan yi alwala?"